Kebul, Soson Kunne Ko Amfilifaya: Da Wanne Zan Fara Gyara Sautin Hedifon Ɗina?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina da Sennheiser HD 650 da na saya shekara uku da suka wuce. Ina sauraro da shi ta kwamfutar tafi-da-gidanka, wani lokaci ta wayar hannu. Kwanan nan sai nake jin sautin ya dushe, kamar an rufa masa bargo. Wasu sun ce in sayi kebul na azurfa zai buɗe shi, wasu sun ce in sa soson fata, wasu kuma sun ce ba zan taɓa jin ainihin wannan hedifon ba sai da babbar amfilifaya. Kuɗin abu ɗaya nake da shi. Da wanne zan fara?"

Ɗan'uwa, fara da soso, kuma irin na karammiskin nan da hedifon ɗin ya zo da shi a kwali. Bayan nan sai ka duba maganar amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa hedifon, amma da lissafi a hannu. Kebul kuwa ka ƙyale shi sai ranar da naka ya tsinke ko tsawonsa ya dame ka. Na san wannan jeri ya saɓa wa abin da ka saba ji. Na shafe shekaru ina kwance waɗannan na'urori, ina aunawa, ina gyarawa, kuma har yau yana yi mini ciwo in ga mutum ya zuba kuɗin guminsa a inda ba zai ji bambanci ba, alhali abin da ya lalata masa sauti yana nan manne a gefen kansa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Ga dalilina. Ɗan tantanin da ke kaɗawa a cikin hedifon ba ya zuba sauti kai tsaye a dodon kunnenka. Tsakaninsu akwai wani ɗan ɗaki na iska, kuma soso shi ne bangon ɗakin. Kaurinsa ke yanke nisan da ke tsakanin tantani da kunne. Faɗin ramin tsakiyarsa ke yanke yawan iskar da ke ciki. Yadin da aka lulluɓe shi da shi kuma shi ke yanke ko iska za ta riƙa sulalewa ko za a tsare ta, da yawan sautin da bangon zai shanye da wanda zai dawo da shi. Duk wanda ya taɓa yin magana a ɗakin da ba a sa komai ba, sannan ya sake yi bayan an shimfiɗa darduma an rataya labule, ya san murya ɗaya ce, amma abin da kunne ya ji ya sha bamban.

HD 650 ya fito a 2003, ƙane ne ga HD 600 na 1997, kuma injiniyoyin da suka tsara shi sun daidaita sautinsa ne a kan sabon soso mai cikakken kauri. Shekara uku ana sawa ana cirewa, ga gumi ga maiƙon fata, sun isa su kwantar da shi. Da zarar ya kwanta, ɗakin ya ƙanƙance, tantani ya matso kusa da kunne, kuma abin da awo ke nunawa a wannan dangin hedifon shi ne saman sauti, wato tirebul, yana ja da baya, sautin ya ƙara kauri da duhu. Bargon da kake ji ke nan. Da yake a hankali abin yake faruwa, kunne ba ya kama ranar da ya soma, sai wata rana mutum ya farga cewa waƙar da ya sani ta rasa ƙyallinta.

Kana iya tabbatarwa yau ba tare da ka sayi komai ba. Sa hedifon ɗin ka lura ko gefen kunnenka yana taɓa siririn soson da ke rufe da tantani a ciki. Cire shi ka dubi soson ta gefe: idan ya zama kamar matashin da aka daɗe ana kwana a kai, ya fi lotsawa ta wani ɓangare, karammiskin ya yi santsi yana sheƙi, to ya gama aikinsa. Wankewa da ruwan ɗumi da ɗan sabulu tana cire datti, tana ɗan tayar da gashin yadin, amma ba ta dawo da soson ciki da ya riga ya mutu.

To me ya sa na hana ka na fata? Ba don fata ba ta da kyau ba. Fatar tumaki mai laushi tana da daɗi a kai, kuma akwai hedifon da aka tsara da ita tun farko. Matsalar ita ce fata tana toshe iskar da karammiski ke bari ta wuce. Idan ka ɗora ta a kan hedifon da aka daidaita da karammiski, yawanci bes, wato ƙasan sauti, yana ƙaruwa, amma tsakiyar sauti, inda muryar ɗan Adam take, tana sauya kama, wani wuri ya kumbura wani ya lotsa. Sauyin kan kai desibel da yawa, ba ɗan kaɗan ba (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Kai kuma kukanka duhu ne, ga shi abin da ya sa ake ƙaunar HD 650 fiye da shekara 20 shi ne wannan tsakiyar. Za ka iya ƙara wa kanka duhu, ka kuma rasa abin da ka saya hedifon ɗin dominsa. Kamfanoni irin su Dekoni da ZMF da Brainwavz suna yin soso iri-iri, na fata zalla, na fata mai huji-huji, da mai haɗa fata da yadi, kuma wasunsu suna wallafa awon yadda kowanne ke sauya sauti. Wanda ya riga ya san ainihin sautin hedifon ɗinsa, ya kuma san inda yake so ya karkatar da shi, yana iya shiga wannan fagen ya ji daɗi. Kai yanzu ka manta ainihin sautin naka, sai ka fara komawa gida tukuna.

Su kansu masu ƙera hedifon sun san soso makamin daidaita sauti ne. Beyerdynamic DT 1990 Pro yana zuwa da soso kala biyu a kwali, duka na karammiski, babban bambancinsu yawan hujin da ke bayansu, kuma ɗaya ya fi ɗaya bes a fili. Masu amfani da hedifon kamfanin Grado sun daɗe suna musanya tsakanin shimfiɗaɗɗen soso, da mai kama da kwano, da babban da ke kewaye kunne, kowanne da sautinsa a kan hedifon guda. Kamfanin ZMF da na Dan Clark, wanda a da ake kira MrSpeakers, duk sun faro ne daga ɗaukar hedifon Fostex T50RP suna sauya masa soso da kayan shanye sauti na ciki, tantanin kuwa na Fostex ne. Har sana'a ta ginu a kan abin da mutane ke rainawa.

Ga masu rufaffen hedifon, irin DT 770 ko AKG K371, akwai ƙarin magana, ita ce toshewa. Bes ɗinsu ya dogara ne da matsin iskar da aka kulle a ɗakin nan. Ƙafar tabarau, ko sumar da ta shiga tsakanin soso da fata, ko soson roba da ya bushe ya fara ɓarewa, kowanne yana buɗe ƙofa, ƙasan sauti ya zube. Gwajin mai sauƙi ne: kunna sautin gwaji na 40 Hz, wato mai kaɗawa sau 40 a daƙiƙa, can ƙasan bes, ka danna kofunan biyu a kanka a hankali. Idan sautin ya tashi sosai da ka danna, to kana asarar bes ta gefe, kuma babu amfilifayar da za ta toshe maka wannan ƙofar.

Yanzu amfilifaya. A nan gaskiya da tatsuniya suka fi cakuɗewa, domin tana da amfani na haƙiƙa, sai dai an ɗora mata kayan da ba nata ba. Tambaya uku nake yi wa kowace: tana iya kai hedifon ga ƙarar da ake bukata ba tare da sautin ya fashe ba? Nawa ce turjiyar bakin fitarta, wato yadda yake tare lantarkin da ke wucewa, abin da ake aunawa da om? Kuma tana yin shiru idan babu waƙa?

Ta farko lissafi ne da kowa zai iya. Turjiyar HD 650 om 300 ce, kuma Sennheiser ta ce yana ba da desibel 103 idan aka ba shi bolt 1. Duk sanda ka ninka bolt, ka ƙara desibel 6. Idan ka raba shi biyu, ka rage 6. Ke nan rabin bolt zai ba ka 97, bolt 2 kuma 109. Mutum mai kula da kunnensa yana sauraro ne a tsakanin desibel 70 zuwa 80, amma waƙar da ba a matse ta ba a sutudiyo tana da tsalle-tsalle, dukan ganga ko tashin ƙaho, da kan haura matsakaicin da desibel 15 ko 20 na ɗan ƙiftawar ido. Shi ya sa ake son a bar sarari, da ɗan rara a kai, har wajen 110. Don HD 650 ya kai nan, bolt 2 da ɗan ɗoriya yake bukata, abin da bai kai miliwat 20 ba. Dubi wannan adadi da kyau. Amfilifayar da ake tallata ta da wat 5 ko 6 ba ta da inda za ta kai wannan ƙarfin a kan hedifon ɗinka.

Abin da ya rage shi ne ka san abin da na'urarka ke fitarwa. Ƙaramar adaftar USB-C ta Apple tana ba da kimanin bolt 1 a samfurin Amurka, na Turai kuma kusan rabin haka saboda dokokin kare ji. Kwamfutocin MacBook Pro daga 2021 suna gane hedifon mai babbar turjiya su ba shi har bolt 3, wanda ya wadaci naka da rara. Sauran kwamfutoci kuwa kowacce da halinta. Alamar da ba ta ƙarya ita ce makunnin ƙara: idan a kashi 60 ko 70 cikin ɗari kake samun abin da ya ishe ka ko da a waƙoƙi masu sanyin ɗauka, ba ka da yunwar ƙarfi. Idan kullum kana ƙure shi kana neman ƙari, ko dukan ganga yana fashewa, to ƙaramar na'ura mai haɗe da DAC, wato mai mayar da lambobin kwamfuta sauti, wadda ke fitar da bolt 2 zuwa 4, ta gama maka magana.

Akwai hedifon da da gaske suke cin wuta, kuma daga wurinsu wannan magana ta "sai da babbar amfilifaya" ta samo asali. Hifiman Susvara, mai shimfiɗaɗɗen tantani tsakanin maganaɗisu, om 60 ne amma desibel 83 kacal yake bayarwa a kan miliwat 1. Kafin ya kai 110 sai an ba shi kusan rabin wat, wato ya ninka bukatar naka sau 30. Na Stax kuma, masu aiki da tsayayyar lantarki, ba sa ma motsi sai da tasu na'urar ta musamman mai ɗora wa tantani bolt 580. A lura da wani tarko a takardun bayani: wani kamfani yana rubuta desibel a kan miliwat, wani a kan bolt, kuma ba ɗaya ba ne. A hedifon mai om 300 tazararsu desibel 5 ce, a mai om 32 kuwa 15. Mutane da yawa sun kwatanta lambobi biyu da ba a ma'auni ɗaya suke ba, suka yanke hukuncin da ba daidai ba. Babbar turjiya ita kaɗai ba ta nufin wuyar tuƙi. AKG K701 om 62 ne kawai, amma yana jan wuta fiye da yadda wannan lambar ke nunawa.

Tambaya ta biyu ita ce wadda aka fi mantawa, kuma ita ce take sauya launin sauti da gaske. Kowace amfilifaya tana da tata turjiyar a bakin fita, wadda ke raba bolt da hedifon. Da a ce turjiyar hedifon ɗaya ce a kowane zangon sauti, da ƙara kawai za ta ragu. Amma a hedifon mai koyil irin naka, wanda naɗaɗɗiyar waya ke kaɗa tantaninsa, ba haka take ba. Ta HD 650 tana tashi daga om 300 zuwa wajen 500 a kusa da 100 Hz, inda tantanin ke da tasa kaɗawar ta ɗabi'a. Haɗa shi da amfilifaya mai om 120 a baki, sai wannan yankin ya samu kaso mafi girma, ya ɗaga da kimanin desibel 1 a kan sauran. Kunne yana jin wannan a matsayin ɗumi da cika. Wannan om 120 ɗin ba daga sama na ɗauko shi ba: ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 61938 na 1996 ya ba da shawararsa, kuma amfilifaya mai bawul (kwalbar lantarki irin ta tsofaffin rediyo) kamar Bottlehead Crack, wadda ta yi suna wajen dacewa da HD 600 da HD 650, a nan tata turjiyar take. Saboda haka idan mai irin wannan na'ura ya ce maka sautinsa ya fi kauri da daɗi, gaskiya ya faɗa, kuma ana iya auna abin da yake ji. Ni ma ina son wannan sautin da daddare. Sai dai ga wanda ke kukan duhu, ƙarin ɗumi ba magani ba ne.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce turjiyar amfilifaya kada ta wuce ɗaya bisa takwas na ta hedifon. A naka, duk abin da bai kai om 37 ba lafiya lau. A hedifon mai om 32 kuwa iyakar om 4 ce, kuma a nan ne bakin wasu kwamfutoci da manyan rediyoyin gida ke ɓata sauti, bes ya saki ya zama yaɓa-yaɓa. Ƙananan na cusawa a kunne masu lasifika da yawa a ciki sun fi kowa laulayi. Campfire Andromeda, mai kimanin om 13, an san shi da sauya hali gaba ɗaya tsakanin bakin da bai kai om 1 ba da mai om 3. Masu shimfiɗaɗɗen tantani kuma turjiyarsu a miƙe take daga ƙasa har sama, don haka wannan bai cika taɓa launin sautinsu ba.

Ta uku, shiru, ba za ta dame ka ba sosai, domin hedifon mai om 300 ba ya saurin tona ƙaramar hayaniya. Masu na cusawa ne ke fama da wannan "sssss" ɗin idan amfilifaya ta yi musu girma, har da ƙarin matsala: a ƙasan makunni mai juyawa, sau da yawa kunne ɗaya yana fin ɗaya ƙara. Abin da za ka saurara kai shi ne ƙugi ko tsiwa da ke bin motsin linzami ko sa caja. Idan akwai, DAC na waje yana raba ka da shi.

Kalma ɗaya a kan kunnenka, tunda muna maganar ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro mai aminci ga babba a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Sararin 110 da na ambata na tsallen ƙiftawar ido ne, ba wurin zama ba. Amfilifaya mai tsabta tana da wani haɗari: da yake sautin ba ya fashewa, babu abin da ke gargaɗin mutum cewa ya wuce gona da iri. Saman sauti ne ke fara tafiya idan ji ya lalace, kuma ba ya dawowa.

Sai kebul. Aikinsa ya kai lantarki daga nan zuwa can, kuma abin da zai iya ɓatawa ana auna shi. Siririyar wayar jan ƙarfe mai lamba 28 tana da turjiyar kimanin om 0.2 a kowace mita. Kebul ɗinka mita 3 ne, zuwa da dawowa mita 6, wato wajen om 1.3. A gaban om 300, asarar ba ta kai desibel 0.05 ba. Azurfa ta fi jan ƙarfe wuce da lantarki da kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari kawai. Ke nan abin da kebul na azurfa mai kauri ɗaya zai rage maka bai kai om 0.1 ba, a cikin da'irar da ke da om 300. Ɗan gusar da hedifon a kanka da rabin santimita yana sauya tirebul fiye da haka nesa ba kusa ba. Masu talla suna ambaton yadda lantarki mai saurin kaɗawa ke bin bayan waya ya bar tsakiyarta. Abin gaskiya ne a zangon rediyo, amma a 20,000 Hz, ƙarshen jin ɗan Adam, zurfin da yake ratsawa a jan ƙarfe ya kusa rabin milimita, ya fi rabin kaurin silin da ke cikin kebul ɗin hedifon. Zinariyar da ake shafa wa fulogi kuma don hana tsatsa ce, kuma wannan amfani ne na gaske, amma ba ta ƙara wa sauti komai.

Ban ce kebul ba ya taɓa yin tasiri ba. A na cusawa masu om 10 ko 15 da turjiyarsu ke hawa da sauka, kebul mai om 2 da mai rabin om suna iya bambanta a kunne, bisa dalilin da na bayyana a kan amfilifaya. A hedifon mai ƙaramar turjiya da kunnuwa biyu ke tarayya a doguwar wayar dawowa guda ɗaya, sautin hagu yana ɗan tsallakawa dama. Kebul da ya fara karyewa a ciki, ko bakin da ya yi datti, yana sa sauti ya riƙa ɗaukewa. Akwai kuma dalilai na jin daɗi waɗanda ban raina ba ko kaɗan: mita 3 ta yi yawa ga mai zama gaban kwamfuta, wani kebul yana da tauri, wani yana kai ƙarar gogar riga har cikin kunne. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya dame ka, sayi mai laushi, mai tsawon da ya dace, mai ingantaccen haɗi, na jan ƙarfe.

Za ka ji ana maganar kebul mai layi huɗu, inda kowane kunne ke da wayoyinsa biyu har cikin amfilifaya, mai fulogin 4.4 mm ko XLR mai ƙafa 4. A yawancin ƙananan na'urori, wannan bakin yana ba da ninkin bolt, wato ƙarin desibel 6. Idan na'urarka ta gaza ta bakin da aka saba, wannan hanya ce mai kyau, kuma HD 650 yana karɓarta tunda kowane kofi da nasa haɗin. Amma ka kiyaye wannan da kyau: kada ka taɓa sa adaftar da za ta shigar da kebul na yau da kullum, mai fulogi mai gaɓa uku, a cikin irin wannan bakin. Tana haɗe layuka biyu da bai kamata su taɓa juna ba, kuma tana iya ƙona amfilifayar. Akasin haka, wato kebul mai layi huɗu zuwa bakin da aka saba ta hanyar adafta, ba shi da matsala.

To mutanen da suka rantse sun ji kebul na azurfa ya buɗe musu sauti fa, ƙarya suke yi? A'a. Ni ma na ji. Shekarun baya na sayi irinsa daga wani mai haɗawa da hannu, kyakkyawa, saƙaƙƙe, kuma daren farko na ji komai ya ƙara haske. Bayan mako guda na roƙi wani abokin aikina ya tsaya a bayana yana musanya shi da na asali ba tare da na gani ba, yana rubuta wanda ya sa, ni kuma ina rubuta wanda nake zato. Sau 20 muka yi. Abin da na ci bai fi na mai jefa kwabo ba. Abin ya girgiza ni, domin hasken da na ji a daren farko ban ƙirƙire shi da gangan ba. An ce gani ya kori ji, kuma a wannan fage maganar ta tabbata a zahirinta: ido yana ganin farin ƙarfe mai sheƙi, hannu ya san abin da ya biya, sai ƙwaƙwalwa ta shirya wa kunne abin da zai ji. Ƙari a kan haka, mutum ba ya riƙe ainihin launin sauti sai na 'yan daƙiƙoƙi, musanya kebul kuwa tana cin fiye da haka.

Wajen gwada amfilifaya biyu akwai wani tarkon da ya fi wannan. Tun 1933 masu bincike Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne yana ƙara jin ƙasa da saman sauti idan ƙara ta ƙaru. Saboda haka wadda ta fi ƙara da ko rabin desibel ne za ta yi kamar ta fi bes, ta fi haske, ta fi faɗi, kuma mai sauraro ba zai ce ta fi ƙara ba, zai ce ta fi kyau. Idan za ka gwada, kunna sautin gwaji guda, ka auna bolt a bakin kowacce da mita alhali hedifon yana haɗe, ka daidaita su har tazararsu ta zama kashi 1 cikin ɗari, sannan wani ya riƙa musanya maka. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin ma sai an yi shi bisa adalci.

Idan sabon soso ya iso, cire tsohon ta hanyar jan zoben robarsa a hankali, ka sauya siririn soson ciki idan an haɗo da sabo, ka danna sabon zoben ta kowane gefe har ka ji ya zauna daram. Sauya duka biyun a rana ɗaya. Kada ka yi mamaki idan kwanakin farko ka ji tirebul ya yi maka yawa, kunnenka ne ya saba da duhu. Ba shi mako biyu da waƙoƙin da ka fi sani.

Idan bayan nan har yanzu kana son ƙarin haske, to ka iso ga ainihin halin HD 650, domin tun asali mai taushin sama ne, HD 600 ya ɗan fi shi fitowa fili. A nan ma da sabon gini gara yaɓe: ikwalaiza ta manhaja, mai ɗaga ko rage kowane zangon sauti, tana yin abin da ake fata kebul ya yi, kuma ana iya maido da komai yadda yake da dannawa ɗaya. A Windows akwai Equalizer APO, a Android akwai Wavelet, kuma shirin AutoEq ya tara saituna na ɗimbin hedifon, akasarinsu an karkata su zuwa ma'aunin da Sean Olive da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin Harman daga 2013. Ba dole ka bi nasu ba. Fara da ɗaga abin da ke sama da 6,000 Hz da desibel 2, ka rage yankin 150 zuwa 200 Hz da desibel 1 ko 2, ka saurara kwana biyu kafin ka sake taɓawa. Duk abin da ka ɗaga, ka rage babbar ƙarar shiga da daidai wannan adadin don kada sautin ya fashe. Idan kuma ka ɗaga can ƙasan bes da desibel 5 ko 6, kamar yadda masu wannan hedifon da yawa suke yi, ka tuna ka ci rabin bolt ɗin da kake da shi, sai ka koma kan lissafin da muka yi a sama ka ga ko na'urarka tana da sauran sarari.